Shekarar da Yaya Dije Ta Zo Madina

Bashir, Sumayya, Anas, saboda ku na zauna rubuta wannan babi, domin na ji abin da kuke faɗa a tsakaninku. Ranar sallar da ta wuce Bashir ya ce wa ƙanwarsa da Larabci, yana zaton kunnena ya yi nauyi, wai da Baba bai yi taurin kai ba da har yanzu muna zaune a gidanmu na Aziziyya. A garinmu kuwa, can ƙasar Jigawa, akwai tsofaffin da har gobe suke cewa Sale na Madina ya sayar da yayarsa ga Larabawa. Ku kun ɗauke ni mai taurin kai, su sun ɗauke ni maci amana. To ga yadda abin ya faru kamar yadda na gan shi, har da wuraren da na daɗe ban gane ba.

A lokacin ni direba ne a wajen wani ɗan kasuwa da ake kira Abu Nawaf. Shi ne kafilina, iƙamata, wato takardar izinin zamana, da sunansa take, in ya sake ni ba ni da zama a ƙasar nan. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa wulaƙanta ni ba, kuma da aka haifi Anas shi ya aiko da ragon suna. Kasuwancinsa madarar gari ce. Manyan buhuna ne suke zuwa ta jirgin ruwa daga ƙasashen sanyi, a sauke su a Jidda, wasu a kawo su sitonsa da ke bayan gari a nan Madina, wasu a sake musu buhu a tura su ƙasashenmu. Irin madarar nan ce da aka cire mata man shanunta aka cike gurbinsa da man itatuwa, shi ya sa take da araha. Ranar da ba ni da tuƙi nakan taya ma'aikatan sito lodi, in dawo gida girata ta yi fari fat, mahaifiyarku Rabi tana yi mini dariya tana karkaɗe mini riga.

Ita kuwa Yaya Dije, gwaggonku, ita ta goya ni bayan rasuwar Inna. Mu mutanen shanu ne. Tun tana yarinya take ɗaukar ƙwaryar nono a kai zuwa kasuwa, kuma ta san abin da damina take yi wa mai nono: shanu su ƙoshi, madara ta yi yawa, kowace mace ta kawo tata, farashi ya faɗi ƙasa, da yamma a zubar da wanda ya yi tsami a bayan rumfuna. Ita ce ta bi rugage da ƙafa ta haɗa kan mata suka kafa ƙungiya. Suka yi tsari: kowace mace da adadin madarar da za ta kawo cibiyar tara madara kowace safiya, ba ta wuce shi ko da shanunta sun fi na kowa, kuma farashi ɗaya ne rani da damina. Motar wata masana'anta takan zo ta kwashe kafin rana ta yi zafi. Ba don Allah masana'antar take zuwa ba. Gwamnati ce ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan madarar waje, ta kuma ce duk mai son shigo da ita sai ya nuna yana sayen ta gida. A kan waɗannan abubuwa biyu ƙungiyar Yaya take tsaye.

A shekarar da nake ba ku labari gwamnatinmu ta shiga zaman ciniki da wasu ƙasashen waje, su kuma abin da suka fi matsawa a kai shi ne a sauke wannan kuɗin fito. Aka kafa kwamiti a babban birni don jin ta bakin waɗanda abin zai shafa, aka ba masu nono kujera, kujerar ta faɗa kan Yaya Dije. Duk wannan ta waya nake jinsa, ina alfahari a raina, amma ban taɓa ambata shi a wurin aiki ba. Na san abin da ke jibge a sitonmu, na kuma san abin da take yaƙi da shi, sai na bar su nesa da juna.

Akwai wani mutumin ƙasarmu, Alhaji Mamuda, abokin cinikin Abu Nawaf, wanda yake karɓar buhunan a can gida yana raba wa 'yan kasuwa. Yakan zo Madina lokaci zuwa lokaci, ni nake ɗauko shi daga filin jirgi. Mutum ne mai fara'a da yawan turare, amma a shekarun da na yi ina tuƙa shi bai taɓa tambayar sunan garinmu ba. Ran nan muna kan hanya, daidai za mu shiga unguwar Anbariyya, sai ya dafa kafaɗata daga kujerar baya.

"Malam Sale, ashe kai ƙanin Hajiya Dije ne, ka yi shiru da bakinka?"

Na ce, "Wace Dije, Alhaji?"

"Shugabar masu nono mana. Albishirinka, maigidanka ya ɗauki nauyin umurarta, ita da mata biyu daga ƙungiyarsu. Watan gobe za ka ga 'yar'uwarka."

Na yi godiya, domin abin da ake yi ke nan. Na ci gaba da tuƙi. Tun daga nan har masauki tambaya ɗaya nake juyawa: wa ya gaya masa? Abu Nawaf yana yin sadaka, na sani, amma sadakarsa ba ta taɓa ƙetare teku ta nemo wata tsohuwa a ruga ba, sai a shekarar da tsohuwar ta sami kujera a kwamiti.

Da na gaya wa mahaifiyarku, sai ta ɗaga hannu sama tana hamdala, ta fara lissafin inda za a shimfiɗa wa Yaya katifa. Ni kuwa na tsaya ina kallonta. Matar Alhaji Mamuda takan zo gidanmu in sun shigo gari, Rabi ta yi mata tuwo da miyar kuka, su yi ta hira a ɗaki har la'asar. Na ajiye abin a raina. Na kira Yaya. Layin yana yankewa, ina jin kukan maruƙa a bayanta.

Na ce, "Yaya, kin san sana'ar mutumin da zai biya miki kuɗin jirgi?"

Ta ce, "An ce ɗan kasuwa ne mai son alheri."

"Madarar gari yake sayarwa. Wadda kike faɗa da ita."

Ta ce, "To ai ba madarar zan je in yi wa ɗawafi ba. Ka gaishe mini da yara."

Ta zo. Rabona da ita tun Bashir yana rarrafe. Ta fito daga ƙofar filin jirgi ta rame, ta ƙanƙance, tana riƙe da wata 'yar jarka da aka naɗe da leda, man shanu ne ta kawo mana, ban san yadda aka bar ta ta shigo da shi ba. Sun fara yin umura a Makka, sannan aka kawo su nan aka sauke su a wani otal da tagarsa take kallon Harami. Ni na raka ta har ƙofar mata ranar da ta shiga Rauda, na jira ta a farfajiya. Da ta fito sai ta zauna a ƙasa a kan dutsen nan mai sanyi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na zauna kusa da ita. A wannan lokacin na ji kunyar zargin da nake yi, na ce a raina ko ma mene ne nufinsu, ga abin da ya fito daga ciki. Amma da muka koma otal na tarar an kawo mata akwati sabo, da abayoyi, da kwalayen dabinon ajwa, da waya sabuwa a kwalinta, sai kunyar ta tafi, zargin ya dawo inda yake.

Ta kwana ɗaya a gidanmu. Sumayya, ke ce kika zauna a cinyarta tana yi miki Hausa kina amsawa da Larabci, tana cewa wannan yarinya an sauya mata harshe. Da safe bayan an sha shayi na ja ta gefe.

"Yaya, jibi maigidana zai yi muku liyafa a gonarsa ta Awali. Ki ci abinci, ki yi addu'a, amma kada ki yi maganar nono. In an tambaye ki, ki ce ibada ce ta kawo ki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Sale, na yi magana a gaban minista ban ji tsoro ba. Kai da kake cin abincinsu shekara da shekaru, yau ni ce za ka hana cin na rana ɗaya?"

"Ni tuƙi nake yi musu. Ke bakinki suke so."

"Bakina nawa ne," in ji ta. Ta tashi ta shiga wajen Rabi a kicin, suka rufe ƙofa.

Gonar Abu Nawaf tana cikin Awali, katanga ce doguwa, a ciki dabinai da rumfa mai darduma. Bayan la'asar aka zauna. An yanka rago, an yi shinkafa a manyan farantai, an ware wa matan wurinsu a gefe da labule. Bayan an ci aka ɗage labulen, aka kawo gahawa, Abu Nawaf ya ce yana so ya gaisa da baƙinsa, ni kuma in yi tafinta. A nan na lura da wasu mutum biyu da ban sani ba, ɗaya da kyamara a kan ƙafafun ƙarfe, ɗaya yana gyara wani tebur. A kan teburin an jera gwangwanayen madara da ƙananan leda masu tambarin kamfanin, an tsara su yadda duk wanda ya zauna a kujerar Yaya za su fito a bayansa. Na tambayi mai kyamarar, ya ce na tarihi ne kawai, maigida yana son ajiye hoton baƙinsa. Baƙi nawa na kawo gonar nan, ban taɓa ganin an ajiye hoton ko ɗaya ba.

Abu Nawaf ya yi magana mai kyau, kuma ba zan ce duk ƙarya ba ce. Ya ce a ƙasarmu akwai yara da yawa da ba sa ɗanɗana madara saboda tsada, shanun gida ba za su ishe su ba, in aka sauke kuɗin fito talaka zai sayi leda ya zuba wa ɗansa a koko. Na fassara mata kalma da kalma. Na ƙara da nawa a hankali, na ce, Yaya, ki tuna abin da na gaya miki. Ba ta ko kalle ni ba. Ta gyara mayafi ta fuskanci maigidan.

"Ka gaya masa mun gode, Allah Ya saka masa da alheri, ya kawo mu inda ba mu taɓa zaton za mu zo ba. Ka gaya masa mu ba ma faɗa da madarar kowa. Yaro yana buƙatar madara, ko daga ina ta fito, kuma gaskiya ne tamu ba ta isa."

Na fassara. Abu Nawaf yana gyaɗa kai, Alhaji Mamuda yana murmushi. Ta ci gaba.

"Amma ka gaya masa in aka buɗe ƙofar nan gaba ɗaya, motar masana'anta ba za ta ƙara shigowa rugarmu ba, don ta sami mai araha a bakin teku. Matan da nake shugabanta za su koma zubar da nono a bayan kasuwa, mazansu su kai shanun wajen mahauta. Yaran da yake tausayi, da yawansu 'ya'yan matan nan ne. Da me uwar za ta sayi ledar tasa? Don haka ni a kwamiti ba zan yarda ba. Ya yi haƙuri, na ci abincinsa, amma ba zan yarda ba."

Wannan ma na fassara, ban rage ko harafi ba. Abu Nawaf ya yi dariya ya ce masha Allah, mace mai gaskiya, ya sa aka miƙa mata kwalin dabino ta karɓa da hannu biyu. Yaya ta dube ni da wani irin kallo, kamar tana cewa ka gani ko. Ni kuwa mai kyamarar nake kallo, na ga bai damu ba ko kaɗan, yana naɗe wayoyinsa kamar wanda ya sami abin da ya zo nema.

Wata mota ce ta mayar da matan otal. Ni na ɗauki maigida da Alhaji. Mutane sukan manta direba yana da kunne. Alhaji ya ce da gurguwar Larabcinsa tsohuwar ta yi tauri. Abu Nawaf ya ce ba komai, rabin farko ya wadatar. Daga nan suka koma maganar jirgin ruwa.

Na gaya wa Yaya abin da na ji a motar, a filin jirgi ranar da za ta koma. Ta saurare ni har na gama, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ce Allah Yana gani, ta shafa kan Anas, ta bi layi.

Ba a yi wata biyu ba abin ya fito. A zaman kwamiti, gaban jami'an gwamnati da wakilan ƙasashen da ake ciniki da su, wani ya kunna bidiyo. Ga Yaya Dije zaune, gwangwanayen madara a bayanta, tana cewa mu ba ma faɗa da madarar kowa, yaro yana buƙatar madara ko daga ina ta fito, tamu ba ta isa. Ga ta tana karɓar kwali da hannu biyu. A nan ya ƙare. Kuma a tsakanin maganganunta akwai wata murya tana mayar da su Larabci, muryar da duk garinmu suka sani. Kafin mako ya zagayo bidiyon yana cikin wayar kowa. Yaya ta rantse ta faɗi wasu maganganu bayan waɗannan, aka ce ina suke? Matan biyu da suka zo da ita suka ce su suna can baya, ba su ji sosai ba. Ban sani ba ko gaskiya suka faɗa, ko akwatunan da aka ba su ne suka toshe musu kunne. Matan ƙungiya suka taru a cibiya suka sauke ta daga shugabanci. Wani ɗan baffanmu ya kira ni ya ce abu ɗaya kawai yake so ya sani, nawa aka ba ni.

Ita Yaya ba ta kira ni ba, in na kira kuma ba ta ɗauka.

A kwanakin nan gidanmu bai yi daɗi ba, ku ma kuna iya tunawa. Na daina yarda da kowa. In abokin aiki ya gaishe ni sai in ce me yake nema. In waya ta yi ƙara a kicin sai in kasa kunne. Wata ranar Juma'a bayan mun dawo daga Harami, kuna waje kuna wasa, na fitar da abin da na daɗe ina riƙewa.

"Rabi, ke kika gaya wa matar Alhaji cewa Yaya 'yar'uwata ce?"

Tana tsince shinkafa a faranti. Hannunta ya tsaya. "Haka kake gani, Baban Bashir?"

"Ban gaya wa kowa ba. Ke kaɗai kike zama da ita."

Sannan ta ce, "To ka bar shi a haka." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na ɗauki wannan a matsayin amsa laifi, na kuma riƙe shi a kanta shekaru.

Abin da ya rage shi ne in yanke shawara. Ni kaɗai ne na ji maganar da harsuna biyu, ni kaɗai na ji abin da aka faɗa a mota. In na yi shiru, aikina yana nan, gidan Aziziyya yana nan, makarantarku tana nan. In na yi magana, to ai kun san abin da kafili yake iyawa. Na gaya wa mahaifiyarku abin da nake shirin yi, ina jiran ta hana ni don in ƙara tabbatar da zargina. Sai ta ce in bari ta fara ɗaure kaya tukuna, kada a zo a same mu ba shiri.

Ban so in yi abin a ɓoye ba. Na sami Abu Nawaf a ofishinsa na sito bayan azahar, na tsaya a gaban teburinsa na ce zan faɗa wa mutanenmu ragowar maganar yayata. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Ya Salih, na zalunce ka a wani abu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Na kawo 'yar'uwarka ɗakin Allah. Abin da ke cikin hoton, ita ta faɗa da bakinta ko ni na sa mata?"

"Ita ta faɗa. Amma ba a nan ta tsaya ba."

"Kowa a zaman ciniki yana kai abin da zai amfane shi. Su ma mutanenta haka suke yi." Ya mayar da tabarau. "Kana da yara. Ka je ka yi tunani."

Na ce na riga na yi. A cikin mota, a bakin sito, na ɗauki waya na yi saƙon murya. Na faɗi sunana da sunan mahaifina da garinmu, na ce ni ne tafintan da ake ji a bidiyon, na maimaita duk abin da Yaya ta faɗa daga farko har ƙarshe, na faɗi abin da na ji a hanya. Na tura wa limamin garinmu da sabuwar shugabar ƙungiya. Sannan na kai makullin motar na ba mai gadi.

Abu Nawaf bai sa an fitar da ni daga ƙasa ba, ko da yake yana iyawa. Ya aiko cewa in nemi wani kafilin kafin iƙamata ta ƙare. Duk 'yan kasuwar da na je wajensu sun riga sun ji labari, ba mai son direban da ke da kunne. A ƙarshe wani dattijo mai gonar dabino a Awali, wanda kakanninsa mutanen ƙasarmu ne da suka zo hajji da ƙafa suka zauna, shi ya karɓe ni aikin ban ruwa da hawan dabino, ya ba mu ɗakunan nan na bayan gona da kuka girma a ciki. Ina da shekarun da gwiwa ba ta son hawa, na koyi hawa. Bashir, a shekarar ne aka cire ka daga makarantar da kake so. Na san ba ka manta ba, ni ma ban manta ba.

Kada ku zaci saƙona ya juya duniya. An saurare shi a kwamiti, an ajiye bidiyon gefe. Da aka gama cinikin an rage kuɗin fito, ba a cire shi duka ba, sharaɗin sayen madarar gida kuma ya tsira. Wasu cibiyoyin sun rufe, ta garinmu tana nan, motar tana zuwa ko da yake ba kullum ba. Ko maganata ta taimaka, ko dama haka manya suka shirya tun farko, ban sani ba. Yaya ba ta koma kujerarta ba. A gari wasu suka ce na yi gaskiya, wasu suka ce raba kuɗi ne ya haɗa ni faɗa da Larabawan. Ni da ita muka koma gaisawa a waya, gaisuwar sallah da ta rashin lafiya, ba mu taɓa taɓo maganar ba.

Bara waccan ina fitowa daga Harami bayan sallar asuba na ga ana tura wani tsoho a keken marasa lafiya. Alhaji Mamuda ne, rabin jikinsa ya shanye. Shi ya gane ni. Na so in wuce, amma wuri ne da ba a wuce mutum, na miƙa masa hannu. Ya riƙe ya ƙi saki, bakinsa a karkace.

"Malam Sale, ka yafe mini. Amma ka sani, ba ni na nemo ka ba. Hajiya Dije ce ta same ni a wajen taro ta ce ƙaninta yana aiki wajen abokin cinikina a Madina. Ita ta fara."

Ban yarda da shi ba. Mutumin da ya yanke magana rabi zai iya ƙirƙiro wata. Amma abin ya hana ni sakat, da hantsi na zauna a gindin dabino na kira Yaya. Yanzu ba ta fita ruga, idonta ya yi rauni. Na gaya mata abin da na ji.

"Gaskiya ya faɗa," in ji ta. "Na san ko su wane ne tun kafin ka kira ni. Na san ba don Allah za su kai ni ba. Na ce zan je in ga Annabi, in ci abincinsu, in faɗa musu a'a a gaban idonsu, in dawo. Na zaci na fi su wayo. Ban san ana yanka magana kamar nama ba."

"Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai kullum kana wucewa ta gaban kubbar nan ta Annabi kana tafiya aiki, Sale. Ni tun ina budurwa nake tara kuɗin zuwa, duk shekara sai wata saniya ta mutu ko wani yaro ya kwanta. Na ga ƙarfina yana ƙarewa. Da na gaya maka, da ka hana ni, kuma da na ji maganarka."

Ban iya yi mata faɗa ba. Na tambaye ta jikinta, ta tambaye ni ku, muka yi sallama.

Na tashi na nufi ɗaki. Mahaifiyarku tana zaune a bakin ƙofa tana ware dabinon da tsuntsu ya taɓa daga mai kyau. Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce mata ashe ba ita ba ce, Yaya ce da kanta. Ba ta ɗaga kai ba.

"Na sani," in ji ta. "Ta gaya mini a kicin, ranar da ta kwana a gidanmu. Ta roƙe ni kada ka ji."

"Kika bar ni ina zarginki duk shekarun nan?"

Ta jefa wani dabino cikin kwandon marasa kyau, ta share hannunta a zani.

"Ni muna ɗaki ɗaya da kai, in ka zarge ni wata rana za ka gaji. Ita tana bayan teku, kuma ita ce uwar da ta rage maka. Da ka ji a lokacin, da kun rabu ke nan." Ta turo mini kwando ɗaya da ƙafa. "Zauna ka taya ni, mai saye zai zo bayan azahar."

Na zauna na taya ta.